Wace kalma za mu sa wa "convoi exceptionnel"?

Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe zan karanta sanarwa a rediyo nan Tahoua game da manyan motocin da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Agadez da Arlit, sai wannan kalma ta Faransanci, "convoi exceptionnel", ta tsayar da ni. Dokar ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta yammacin Afirka, wato UEMOA, mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade faɗin mota a mita 2,55, tsawonta sama kuma mita 4. Kayan da suka zarce haka kuma ba su rabuwa, irin su injin haƙar ma'adinai, sai an samu takardar izini kafin su hau hanya. Yaya zan kira su?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ki ce "ayari na musamman".

Alhaji Mamman: Malam, ayari taro ne, ko na raƙuma ko na motoci, alhali wannan sau da yawa mota ɗaya ce da ƴan rakiya gaba da baya. Mu a tasha "obalodi" muke cewa.

Hadiza: Alhaji, ai obalodi laifi ne. Wanda ya labta albasar Galmi fiye da kima, idan ya hau sikeli a ci shi tara, a sa shi ya sauke rarar. Wannan kuwa da izini yake tafiya, kuma babu yadda za a sauke rabin inji.

Malam Usmanu: Obalodi ma Ingilishi ne da ya tsallako mana iyaka. Har yaushe za mu riƙa jiran Kano ta raɗa mana suna, mu da Hausar Adar take bakinmu? Na ce "gagara-gwadabe", kuma na daɗe ina faɗa.

Malam Sani: Kano ba ta cikin wannan magana, Malam. Kalmarka ta yi daɗin ji, amma kirari ce. Direban da ya ji ta ba zai gane cewa takarda ake nema daga gare shi ba, kuma gwadaben bai gagara ba tunda an ba shi izinin bi.

Malam Usmanu: Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka fara faɗinta.

Hadiza: Allah ya saka da alheri. A farkon sanarwa zan ce "jigilar kayan da suka wuce ƙa'ida bisa izini", daga nan in taƙaita da "jigila ta musamman".

Malam Usmanu: To, ta yi na gobe. Amma fassara ce kawai, suna bai samu ba tukuna.