Targaɗe a idon sawu, in je wajen mai ɗori?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salam jama'a, jiya na gurɗe ƙafa wajen ƙwallo, idon sawun ya kumbura suntum ko silifas baya shiga, Hajiyarmu ta matsa wai sai an ja mani.

Maman Hanif: Kai ɗana kar ka bari a ja! Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15, ka ɗaga ƙafar bisa filo.

Baban Yara: In baka iya taka ta ko taku 4 to je asibiti ai maka hoto tukun, ƙila tsagewar ƙashi ce. Ni da nai tawa likitan gashin ƙashi cewa yai in riƙa rubuta haruffa da babban yatsa a iska, daga baya tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Nagode, ina ɗan takawa amma da ɗingishi. Hajiya ce dai aikin.