Wai fitilun nan masu launi na 'yan jirgin ƙasa, me suke nufi?

Ɗan Injamena: Salamu alaikum jama'a. Kun san mu a Cadi ba mu da jirgin ƙasa, sai in na zo Ngaundere ta ƙasar Kamaru ɗaukar kaya nake ganinsa. Shekaranjiya da dare ina gar, wato tashar jirgin, ina jiran a sauke mana buhunan fulawa sai na hango wani ma'aikaci gefen dogo riƙe da fitila, ya nuna ja injin ya tsaya cak, can kuma ya mai da ita fara yana kaɗawa sai ga taragai suna tafiya da baya. Ba ihu ba waya. Wai wani yare ne suke da shi?

Tsohon Dogo: Wa alaikumus salam ɗana. Yare ne mana, da rana tuta da dare fitila. Ja tsaya ne, babu gardama ko da kai ne shef de gar, wato shugaban tasha. Kore hanya ta buɗe, rawaya kuma a rage gudu. Amma wanda ka gani aikin haɗa taragai yake, a nan hannu ne ke magana, a tsarin Faransa in ka yi sama da ƙasa da farar fitila kana ce wa direba ja gaba, in ka kaɗa ta gefe da gefe to turo baya. Mu da muka fara aiki bayan layin ya iso Ngaundere a 1974 ta kananzir muke riƙewa, kafin magariba sai ka zauna da tsumma ka goge gilashin ka yanke lagwani, don in hayaƙi ya rufe jan nan direba ba abin da zai hango daga nesa. Lokacin hunturu kuwa iska ta kashe maka ita kana tsakiyar aiki, ga ashana ta ƙi kamawa, ga tarago na tahowa, hmm. Yaran yanzu batir da rediyo, sun huta.

Ɗalibi Garwa: Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya ban mamaki, a Amurka wannan kaɗawar gefe da gefe TSAYA take nufi, kun ga in aka yi musanyar ma'aikata akwai rigima. Suna da shuɗiya ma, in an rataya ta a jikin tarago to akwai mutane na gyara a ƙarƙashi, ba mai motsa shi sai wanda ya rataya ya cire. Kuma da can fari ne alamar wucewa a Ingila da Amurka, to in jan gilashi ya fashe sai wutar ta fito fara direba ya wuce abinsa, shi ya sa aka koma kore.

Mai Shanu: Ni jar fitilar wutsiya kawai na sani. Mun sha loda shanu zuwa Yawunde, kilomita 622 ana kwana a hanya, wani ma'aikaci a Belabo ya ce min in jirgi ya wuce ba su ga jan nan a bayansa ba to wani tarago ya tsinke a daji. Tun ranar in mun tsaya sai na leƙa na gan ta tukun hankalina ke kwanciya.

Ɗan Injamena: Na gode ƙwarai. Baba to wanda ba ya bambance ja da kore fa? Ina da ƙane haka.

Tsohon Dogo: Ana gwada ido kafin a ɗauka ɗana. Ka bar shi a shago.