Neman shawara: ana danne min saba da harin DDoS, kuɗin AWS kuma sai hawa yake

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawararku, abin ya fi ƙarfina. Ina da manhajar sayar da data da katin waya, akwai shafin intanet akwai kuma ta Android, duka a kan AWS suke, wato sashen Amazon mai ba da hayar saba, kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta. Tun makon jiya, da zarar an idar da sallar isha'i, lokacin da ciniki ya fi kankama, sai komai ya tsaya cak. Da na duba rajistar saba sai na ga dubban buƙatu suna kwararowa kan shafin shiga da na aika lambar OTP, daga ƙasashen da ba ni da kwastoma ko ɗaya. Harin DDoS ke nan, wato a cika saba da buƙatun bogi har ta kasa aiki. Na saita tsarin yana ƙara saba da kansa idan nauyi ya yi yawa, to yanzu shi ma ya zame min ciwo, domin da dala ake biya. Jiya kuma wani ya turo min saƙo ta Telegram, wai in tura masa kuɗin kirifto na USDT ya ƙyale ni.

Abin da ya fi damuna shi ne dillalaina. Kuɗinsu na cikin asusun manhajar, kuma wasu sun fara zaton guduwa zan yi da shi. In biya mutumin nan in huta? Ko in sayi Shield Advanced, kariyar da AWS ke sayarwa?

Injiniyan saba, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, ƙanena. Kada ka biya ko sisi. Wanda ya ga ka biya yau zai dawo gobe, kuma ba ka ma da tabbacin shi ne mai harin.

Shield Advanced dala 3,000 ne a wata, kuma sai ka ɗaure kanka da shi na shekara guda. Ba kayan mai sana'a irin taka ba ne. Shield Standard kuwa kana da shi tun tuni, kyauta ne ga duk wanda ke kan AWS, amma aikinsa tare ambaliyar da ke neman toshe layin sadarwa. Abin da ka kwatanta daban ne. Naka buƙatun HTTP ne masu kama da na mutanen kirki, kowacce tana sa saba ta tambayi rumbun bayanai, har ta gaji ta faɗi. Wannan sai an tace shi tun kafin ya iso wurinka.

Daren yau ka sa iyaka ga adadin sabar da tsarin zai iya ƙarawa. Gargaɗin AWS Budgets saƙo kawai yake turo maka, ba ya tsayar da kashe kuɗi sai in ka haɗa shi da wani mataki. Bayan haka ka mayar da DNS ɗinka, wato tsarin da ke haɗa sunan shafinka da sabarka, zuwa Cloudflare, kamfanin da ke tace buƙatu kafin su iso saba, ko da na kyauta ne. Tun 2017 suka daina cajin mutum bisa girman harin da suka tare masa, kuma suna da cibiya a Legas, saboda haka kwastomominka ba za su ga jinkiri ba.

Ɗan Zazzau

Gaskiya ne. Yana shiga Cloudflare kawai ya kunna Under Attack Mode, shi ke nan magana ta ƙare.

Mai tsaron manhajoji, Abuja

Malam Ɗan Zazzau, a yi haƙuri, maganar ba ta ƙare a nan ba. Under Attack Mode burauza yake gwadawa, don ya bambanta baƙo na gaskiya da inji. Manhajar Android da ke magana da API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta isa saba kai tsaye, ba za ta iya amsa wannan gwajin ba, sai ya zama shi da hannunsa ya kulle dillalansa a waje. Haka nan saƙon da kamfanin karɓar kuɗi ke turowa sabarsa don tabbatar da an biya, shi ma inji ne ke aiko shi. Idan aka tare shi, mutum zai tura kuɗi asusunsa bai motsa ba, ka ga zargin da ake yi masa ya samu ƙafa. Paystack, alal misali, sun wallafa adiresoshin IP da saƙonninsu ke fitowa. Ya ware wa wannan hanyar ƙa'ida ta daban, ya kuma riƙa tantance sa hannun da ke kan kowane saƙo.

Amma abin da na fi so mai tambaya ya riƙe shi ne wannan: masu harin sun riga sun san ainihin IP ɗin sabarka. Idan ka sa Cloudflare ka bar tsohon adireshi, ka ajiye maigadi ne a ƙofar gida alhali katangar baya a rushe take. Za su tsallake shi su doki sabar kai tsaye. Saboda haka bayan ka koma, sai ka canza IP. Sannan a Security Group, wato katangar sabarka a AWS, ka rufe komai, ka bar tashar 443 a buɗe ga jerin adiresoshin Cloudflare kaɗai, jerin yana shafinsu. In kana so ma ka yi amfani da Cloudflare Tunnel, yadda sabar ce za ta riƙa fita ta same su, babu ƙofar shigowa ko ɗaya.

Sabon adireshin ma yana iya fallasa, kuma yawanci ta hanyoyi biyu ne. Ta farko ƙananan sunaye irin na gwaji ko na wasiƙu da aka manta a DNS ba a bi da su ta Cloudflare ba. Ta biyu imel: in sabar ce da kanta ke aika saƙon sauya kalmar sirri, adireshinta na nan rubuce a kan wasiƙar, maharin rajista kawai zai yi ya karanta. Ka mayar da aika imel ga Amazon SES ko makamancinsa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, yaya. Ashe abin da zurfi. To me zai hana in toshe duk ƙasashen waje, in kuma ce duk IP da ya wuce buƙata kaza a minti a kore shi?

Mai tsaron manhajoji, Abuja

Duka biyun suna aiki, amma da lura. Kamfanonin layin waya suna haɗa mutane masu yawa a bayan IP guda, abin da ake kira CGNAT. Adireshi ɗaya da ka gani yana ta turo buƙatu yana iya zama jama'ar unguwa guda ne masu gaskiya. In ka matse iyakar a kan dukan shafin, su za ka fara kora. Ka matse ta a wurare masu tsada kaɗai, wato shafin shiga da na OTP, kuma a cikin manhajarka ka riƙa ƙirgawa da lambar waya ko asusun mutum, ba IP kaɗai ba. Na OTP ɗin nan ka ba shi muhimmanci, don kowane SMS da ya fita aljihunka ne ke kuka. A shafin intanet ka sa Turnstile, gwajin Cloudflare mai bambanta mutum da inji, kafin a aika lambar. Kuma in manhajar saba ta Nginx kake amfani da ita, ka saita ta ta karanta CF-Connecting-IP, inda Cloudflare ke rubuta ainihin IP ɗin mai ziyara, in ba haka ba kowa zai bayyana da adireshin Cloudflare, iyakarka ta hau kan kowa.

Wata 'yar'uwa daga Jidda

Don Allah kada a toshe ƙasashen waje gaba ɗaya. Mu da ke Saudiyya da irin waɗannan manhajojin muke saya wa iyayenmu data a gida, haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Kumasi. A sa mana gwajin, za mu wuce.

Injiniyan saba, Kaduna

Hajiya ta yi gaskiya. Kuma toshe ƙasa ba ya magance komai har abada, domin maharan ba da na'urorinsu suke aikin ba. A Oktoban 2016, lokacin da aka kai wa kamfanin Dyn, mai kula da DNS na manyan shafuka, hari har Twitter da Netflix da Reddit suka gagari mutane a Amurka, kyamarorin tsaro da na'urorin intanet na gidajen jama'a aka yi amfani da su, waɗanda muguwar manhajar Mirai ta shiga saboda ba a canza musu kalmar sirrin da suka zo da ita ba. Irin waɗannan na'urori akwai su a nan gida ma, to wata rana harin zai zo da adireshin Najeriya.

Na kawo wannan ne kuma don ka cire tunanin cewa ƙarin saba zai fisshe ka. GitHub, shafin masu rubuta manhaja, da girmansa, a Fabrairun 2018 da aka aika masa tirabit 1.35 a daƙiƙa, sai da ya karkatar da zirga-zirgarsa ta hannun Akamai, kamfanin da ya tace masa harin. A 2023 Google ya ce ya tare harin da ya kai buƙatu miliyan 398 a daƙiƙa. Naka bai kai ko kusa ba, amma hanyar ɗaya ce, a tace a waje.

Jerin farashin data ba ya canzawa kowane minti, ka bar Cloudflare ya ajiye kwafinsa ya riƙa bayarwa, sabarka ta huta.

Lauya, Kano

Ta ɓangarenmu, ka adana saƙon Telegram ɗin, da adireshin da ya ce a tura kuɗin, da rajistar sabar ta ranakun, kada ka goge komai kuma kada ka amsa masa. Hana tsarin kwamfuta aiki da gangan laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ka kai rahoto ga ngCERT, hukumar gwamnati mai kula da hare-haren intanet, da cibiyar 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Sannan ka fito ka yi wa dillalanka bayani a zaurenku na WhatsApp, ka gaya musu abin da ke faruwa, ka nuna musu kuɗinsu na nan, wanda ke son cire nasa ka ba shi ba tare da ja-in-ja ba.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na sa iyakar saba, na kuma tura wa dillalai bayani. Tambaya ɗaya ta rage: in na canza IP, waɗanda ke da tsohuwar manhajar Android fa?

Mai tsaron manhajoji, Abuja

In da sunan shafi manhajar ke kiran sabar, ba abin da zai same su. In kuwa IP aka rubuta a cikinta kai tsaye, ka fara fitar da sabuwa a Play Store mai amfani da suna, ka sanar da dillalai su sabunta, sannan ka kashe tsohon adireshin. Ka yi sauyin bayan asuba, lokacin da ciniki bai tashi ba, kuma ka gwada biyan kuɗi da naira ɗari daga wayarka kafin ka ce wa kowa an dawo.