An yi wa 'yata dashen ɓargo, amma har yanzu ba ta dawo daidai ba

Maman 'Yan Uku, Katsina:
Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 16 da sikila aka haife ta. Gonar gado muka sayar muka kai ta Indiya aka yi mata dashen ɓargo, ƙaninta ne ya ba ta. Yau wata biyar. Alhamdu lillahi, ciwon ƙashin da ke hana mu barci ya tafi. To amma yarinyar da a da bakinta ba ya hutawa, yanzu a ɗaki take wuni, labule a sake. Daga gado zuwa tsakar gida sai ta zauna ta huta. Gashin da ya zube sanadin magani ya fara tsirowa, amma ko a gabana ba ta cire ɗankwali. Jiya na yi mata dambu, abin da ta fi so, cokali biyu ta ce kamar ƙarfe take taunawa. Dangin babanta sun ce sangarta ce, ai ta warke. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa mini.

Ɗan Daura:
Mama, wallahi ba sangarta ba ce. Ni ma an yi mini, shekara uku ke nan. Sai da na kusa shekara kafin in iya takawa masallacin unguwa ba tare da na tsaya a hanya ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne kaɗaici. Abokai sun daina zuwa don kada su shafa mini mura, ga takunkumi a fuska, kowa na cewa in gode wa Allah. Ina godiya, amma kuma ina tsoro, ga nauyin kuɗin da aka kashe a kaina. Ki bar ƙawarta ɗaya mai lafiya ta riƙa zuwa, ta wanke hannu su zauna a inuwa.

Ma'aikaciyar jinya:
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ki duba jikinta da kyau. Wani lokaci sabon ɓargon kan ɗauki jikin a matsayin baƙo ya yaƙe shi, kuma yana iya faruwa ko bayan kwana 100 na farko. Ƙuraje, bushewar ido da baki, gudawa, ko ido ya yi rawaya, a sanar da likitanta. Zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Kada ta tsallake maganin danne garkuwar jiki, kada kuma a ba ta jiƙo. Idan tana shan maganin prednisolone, shi ma yana kumbura fuska, yana kawo fushi da rashin barci. Nonon da ba a dafa ba, tsiren bakin titi, ƙurar hunturu da kashin tattabaru, duk a nisanta ta da su. Allurar rigakafi ma sai an sake mata idan likita ya ba da lokaci. Zaman ɗakin nan kuma ki faɗa wa likita, damuwa ciwo ce kuma tana da magani.

Maman 'Yan Uku, Katsina:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan isha'i na zauna kusa da ita, ban ce komai ba. Can sai ta ce, "Mama, na ji sanda likita ya ce muku maganin da aka ba ni kafin dashen na iya hana ni haihuwa." Ashe wata biyar tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Litinin za mu koma asibiti, na ce ta rubuta duk tambayoyinta ta yi su da bakinta.