An tare ni a bakin kanti in sa hannu a gyara tsarin mulkin jiha: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Maman Ilham, Columbus

Assalamu alaikum. Jiya na fito daga kanti ina tura keken sayayya, sai wata dattijuwar Baturiya ta tare ni da allo da biro, wai in sa hannu a kai maganar soke harajin gidaje gaban masu zaɓe, a rubuta ta cikin tsarin mulkin Ohio. Na ce mata sauri nake, na wuce. Maganar gaskiya tsoro ne ya kama ni. Bara ne kawai na karɓi takardar zama 'yar ƙasa, ba na son in sa sunana a abin da ban san kansa ba.

Abin da na sani a gida, gyaran tsarin mulki sai majalisar tarayya ta yi, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Jihohinmu ma ba su da kundin kansu. To a nan daga bakin kanti ake farawa? Wanda ya taɓa sa hannu, ko ya taɓa yawo da takardar, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Baban Sadiq, Columbus

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Daga bakin kanti ake farawa, ni da kaina na yi yawon a 2024, lokacin da ake neman a karɓe shata mazaɓu daga hannun 'yan siyasa. A Ohio ana buƙatar sa hannu daidai da kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un zaɓen gwamna na ƙarshe. A lokacin 413,487 ne, kuma dole a samo wani kaso daga gundumomi 44 cikin 88.

Ranar babbar salla na ɗauki takarduna na tsaya a wajen filin idi, ina ganin yau ko ɗari uku sai na tara. Wayyo. Kowa ya miƙo hannu sai na tambaye shi: kai ɗan ƙasa ne, kana da rajistar zaɓe? Fiye da rabi suka janye. Wani dattijo har ya ji haushi, ya ce shekararsa 15 yana biyan haraji a garin nan. Na ba shi haƙuri, na ce Baba, in ka sa hannu kamar ka rantse ne kai mai zaɓe ne, ranar da ka je neman takardar ƙasa abin zai iya zame maka ƙarfen ƙafa. Masu katin zama, ku riƙe wannan.

Sauran kuma, wannan ya tashi daga gidan da ya yi rajista da shi, wancan ɗan wata gunduma ne, kuma kowace takarda ta gunduma ɗaya ce, ba a gauraya. Na koma gida da 41. A jihar baki ɗaya an miƙa sama da 700,000, don an san za a zubar da da yawa wajen tantancewa.

Abin da ya ƙona min rai a Nuwamba ya zo. Bayanin da aka buga a takardar ƙuri'a, in ka karanta sai ka rantse akasin abin da muka nema ne. Maƙwabcina da ya sa min hannu a kan bonet ɗin motata, shi da bakinsa ya ce min a'a ya dangwala. Muka faɗi, kusan kashi 46 suka ce e, 54 suka ce a'a.

Hajiya Binta, Orlando

Ni kam sai godiya. A gidan kula da tsofaffi nake aiki. A 2019 wani yaro ya tare ni a tashar bas da takardar ƙarin mafi ƙarancin albashi, na sa hannu don in rabu da shi ne kawai, zafin rana ya ishe ni. A zaɓen 2020 abin ya wuce da kashi 60.8. Kun ga a Florida sai an kai kashi 60, wato da ƙyar muka tsallake. Dala 8.56 ce a awa a lokacin, Satumban 2021 ta koma 10, kowace shekara ana ƙara ɗaya har ta kai 15 a 2026. Ni na ɗan fi mafi ƙaranci, amma da aka ɗaga na ƙasa dole aka ɗaga mu. Da majalisa muka tsaya jira, da har yau muna jira.

Sai dai yanzu an ƙuntata. Dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba yawon tara sa hannu, kuma in za ka riƙe takardu fiye da 25 na waɗanda ba iyalinka ba sai ka yi rajista.

Sani, Houston

Ku kuna da daɗi. Mu a Texas babu wannan ƙofar sam, sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun yarda kafin a kawo mana mu ce e ko a'a. Jihohi 18 ne kawai suke da ita a rubuce, ta Mississippi ma kotun ƙolin jihar ta rufe ta a 2021, saboda kundin ya ce a tara daga mazaɓun tarayya biyar alhali huɗu suka rage musu.

Malam Habu, Sacramento

Maman Ilham, tunda maganar harajin gida ce, tsaya ki ji nawa kafin ki koma.

A 1978 mutanen California suka yi irin wannan, ta takardar sa hannu, abin da ake kira Proposition 13. An ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, kuma ƙimar ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara sai ranar da aka sayar. A baki zuma ce. Na sayi gidana a 2021. Maƙwabciyata, tsohuwa mai kirki da take kawo mana lemon bishiyarta, tun shekarun 1980 take nata. Gini iri ɗaya, ɗakuna uku-uku, katanga ɗaya ta raba mu. Wata rana muna hira ta nuna min takardar harajinta, na kalli tawa, na ga na ninka ta wajen sau biyar. Ba na mata baƙin ciki, wallahi, da ba don dokar ba mai yiwuwa da tuni haraji ya kore ta daga gidan. Amma mu 'yan zuwa baya-bayan nan mu muke ɗauke da kayan. Kuma da yake cikin tsarin mulki aka rubuta, majalisa ba ta isa ta taɓa ba, sai an sake komawa ga masu zaɓe.

Wani abu kuma, a nan yawancin masu tsayawa bakin kanti ba don Allah suke yi ba. Ana buƙatar sama da 870,000, don haka kamfanoni ake ɗauka, ana biyan yaran a kan kowane sa hannu. Na taɓa tambayar wani me takardar ta ƙunsa, ya ce “don yara ne”. Na juya bayanta na karanta, maganar caca ce.

Zainab, Detroit

Ba duka ake biya ba, Malam. Namu na Michigan wata matashiya ce, Katie Fahey, ta fara shi da rubutu a Facebook bayan zaɓen 2016. 'Yan sa kai zalla suka tara sama da 400,000, ya wuce da kashi 61 a 2018. Yanzu mutum 13 da ba 'yan majalisa ba su ke shata mazaɓu. Ina makaranta a lokacin, na tsaya cikin sanyi da safar hannu biyu, biro yana daskarewa sai na sa shi a hammata.

Alhaji Mamman, Geneva

Ba a Amurka nake ba, amma ku bar ni in sa baki. A nan Suwizalan sa hannu 100,000 cikin wata 18 ke kai magana ƙuri'a. Ina nan a Nuwamban 2009 aka hana gina hasumiyar masallaci da kashi 57.5, alhali huɗu ne kacal a ƙasar gaba ɗaya. Washegari na shiga wurin aiki ina duban fuskokin mutane, ina ta lissafin wa ya zaɓi me. Tun daga ranar, in aka miƙo min allo sai na fara tambayar kaina a kan wa abin zai faɗa.

Sani, Houston

Kamar na Oklahoma a 2010 da aka hana kotuna duba shari'ar Musulunci.

Baban Sadiq, Columbus

Wancan majalisa ce ta kawo shi, Sani, ba takardar jama'a ba, kuma kotun tarayya ta soke shi. Alhaji yana da gaskiya, ban musa ba. Amma a Agustan 2023 da aka nemi a ɗaga mana zuwa kashi 60, a kuma ce sai an taro daga duk gundumomi 88, na je na dangwala a'a, kashi 57 suka yi kamar ni. Ko da na sha ƙasa daga baya, gara min ƙofar tana nan.

Maman Ilham, Columbus

Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau na sake samun dattijuwar a wurin. Na tambaye ta, in an soke harajin, da me za a biya malaman makarantar su Ilham da 'yan kwana-kwana? Ta ce wannan aikin majalisa ne ta nemo. Na ce to ta ba ni cikakken rubutun in karanta. Ta ce ba ta da na bayarwa, amma ta ɗaga min shafin na ɗauka a waya. Ta ce tana nan duk Asabar. Yaya Baban Sadiq, zan turo maka hoton, akwai layi na biyu da ban gane ba.