Giga nawa ne a katin hoton laftof ɗinka?

Jiya da la'asar muna zaune a shagon wani mai gyaran kwamfuta a nan Sakkwato, sai ga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya shigo ransa a ɓace. An sayar masa da laftof a kan cewa ma'adanar katin hotonta, wato sashen da ke sarrafa hoto da zane, giga 12 ce, amma da ya fara zanen gini sai ta riƙa cijewa. Ga abin da na tsinta daga bakin masu sana'ar.

Lambar da aka nuna masa haɗi ce. Katin GTX 1650 ne, giga 4 kacal ke nasa. Sauran 8 ɗin aro ne daga RAM, wato ma'adanar aiki ta laftof ɗin, mai giga 16, domin Windows kan bar kati ya ari har rabinsa. Na aro kuwa bai kama ƙafar na gida wajen sauri ba.

Suka ce kafin ka biya, buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin kwamfuta, a gaban mai kaya, ka duba layin "Dedicated GPU memory", wanda ke nuna gigan katin na kansa. Kada suna ya ruɗe ka: RTX 3050 na laftof akwai mai giga 4, akwai mai 6. Abin da ya fi damuna da lamarin yaron nan, ba a ƙara wa katin giga daga baya, don da dalma aka liƙe ma'adanarsa.