Taimako: me zan kira "bayoteknoloji" a shirin gobe?

Mai Shirin Lafiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Shirin a kan lambobin yabo ne da ake ba masanan da bincikensu ya zama magani a hannun mara lafiya. Akwai Tu Youyou ta ƙasar Sin, da ta karɓi lambar Lasker ta binciken lafiya a 2011 sannan Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro. Akwai Doudna da Charpentier, Nobel ta 2020, waɗanda dabararsu ta gyara ƙwayar gado ta kai ga maganin sikila da Birtaniya ta amince da shi a 2023. Yaya zan faɗi bayoteknoloji har mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Ikko ya gane?

Ɗan Idi-Araba:
Fasahar halittu. Gajeriya ce.

Malama Nas:
Wa alaikumus salam. Kunne zai haɗa ta da kimiyyar halittu da ake koyarwa a sakandare, alhali wannan aiki ne ake sa mai rai ya yi. Insulin ɗin da nake yi wa masu ciwon suga allura, tun 1982 ƙwayoyin bakteriya ake sa wa umarnin gado su samar da shi. Ko burodin Agege, yis ne mai rai ke kumbura ƙullun. Ni dai "fasahar sarrafa halittu".

Baba Sakkwato:
Fasaha Larabci, halitta Larabci, sarrafa ma Larabci. Ina Hausar? Shekara biyu ke nan ina cewa "ƙirar rai". Maƙeri na ƙera ƙarfe, waɗannan na ƙera mai rai.

Malama Nas:
Baba, a yi haƙuri, in aka ce "ƙirar rai" a rediyo sai waya ta cika da masu cewa Allah kaɗai ke yin rai. Kuma da gaskiyarsu. Ina da uwa mai 'ya'ya biyu masu sikila, ba na son ta ji sunan da zai sa ta ɗauka maganin saɓo ne.

Baba Sakkwato:
'Yata, ku da kuka tashi a Ikko, rabin Hausarku Turanci ne, shi ya sa aro bai dame ku ba.

Ɗan Idi-Araba:
Haba Baba! Kakannina sun fi shekara sittin a nan, Hausa muke yi a gida. Sannan littafi da alƙalami da lokaci, daga ina muka samo su?

Baba Sakkwato:
Waɗannan sun daɗe, sun zama 'yan gida.

Mai Shirin Lafiya:
Don Allah mu dawo kan magana, ban ko taɓa ɓangaren kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 ba. Zan ɗauki ta Malama, in kawo misalin yis da daddawa a karon farko, daga nan in riƙa cewa "fasahar halittu" don taƙaitawa.

Baba Sakkwato:
To, a yi hakan gobe tunda lokaci ya ƙure. Amma ban janye tawa ba, kuma "sarrafa" ɗin nan kada ka yar da ita ko sau ɗaya.